Tafin Hannun Madam Dinah

SHAFI NA 14

Da sunan Allah mai rahama nake buɗe shafin yau. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta ce in ban sake shi ba za ta biyo ni gida. Ki zo, akwai wanke-wanke. Masu zagin Mansura tun jiya kuma ban hana ku ba, amma ku karanta wannan tukuna.

*

Kun tuna inda muka tsaya. Talata ce, cikin bazarar 1995, a ofishin jin daɗin jama'a da ke Gumel. Madam Dinah, mai sasanta rigimar iyali, ta zaunar da Murja da Mansura a benci ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, amma zaman bai yi minti goma ba ya watse. Mansura ta taso daga Gagarawa tana neman 'yarta Lauratu, wadda ta ba yayarta Murja riƙo tun ranar yaye. Shekara tara ke nan yarinyar tana Maigatari. Da aka tambaye ta dalili, sai ta sunkuyar da kai ta ce aikin gida ne ya yi mata yawa, tana son mai taya ta.

Nan fa Murja ta miƙe.

"Aiki? 'Yar da na raina ce za ta koma baiwarki? Madam, dube ta fa. Ta sha turare kamar amarya, wai ita ce aiki ya yi wa yawa."

"Ya isa," in ji Madam. "Murja, ki jira ni a baranda. Mansura, biyo ni."

Akwai wani ɗan ɗaki a bayan ofishin, da can sito ne. Tebur ɗaya, kujera biyu, taga ɗaya. Madam ta rufe ƙofa, ta ja tagar ta sa sakata duk da zafin da ake yi, don masu jira a gindin darbejiya ba abin da suka fi iyawa irin kasa kunne.

Mutuniyar Kagoro ce Madam Dinah, ta zo Gumel tun garin yana ƙarƙashin Kano. Ba ta da fara'a sosai, kuma ba ta da ƙawa ko ɗaya a unguwarsu, saboda ba a samun labari a bakinta. Abin da ya sa matan unguwa suka guje ta, shi ya sa mutanen ƙauye suke tsallake dagatai su zo wurinta.

"Zauna. Ki ji ƙa'idata. Abin da kika faɗa a ɗakin nan, a nan zai tsaya. Yayarki ba za ta ji ba, shugabana ba zai ji ba, mijina ma haka. In mun gama zan buɗe miki hannuna. Abin da kika ce in ɗauka, shi kaɗai zan fita da shi."

"To, Madam."

"Zancen aikin gidan nan ban yarda da shi ba. Shekarata ashirin da biyu a kujerar nan. Ban taɓa ganin uwar da ta hau mota ta zo har ofis saboda shara da daka ba."

Mansura ta dubi ƙofa, ta dubi taga.

"A rufe suke?"

"A rufe."

Sai ta zame gyalenta. Ta ɗaga rigarta ta gefen hagu, a hankali, tana cije leɓe. Wani farin tsumma ne naɗe a ƙirjinta, ya jiƙe ya sauya kala. Ta ɗan janye shi.

Madam ta ga abubuwa a aikin nan, amma sai da ta dafa tebur. A lokacin ta gane amfanin turaren.

"Ya Ubangiji. Tun yaushe?"

"Tun kakar bara na ji ƙullutu. Na ɗauka ƙurji ne. Aka yi na gargajiya, aka sha rubutu. Watan jiya Malam, maigidana, ya kai ni asibiti a Kano."

"Me likita ya ce?"

"Ciwon daji ne. Ya ce mun makara. Ba ni ya faɗa wa ba, Malam ya faɗa wa, amma ina jin su ta bayan labule. Wata uku. In Allah ya ja kwana, huɗu."

"Shi ya sa kike son yarinyar."

Mansura ta gyaɗa kai, hawaye suna ɗiga a cinyarta.

Ku 'yan yanzu da kuke ɗora hoton ɗan fari kuna rubuta rabin raina a ƙasa, ba lallai ku gane ba. A irin gidan su Mansura a wancan lokacin, uwa ba ta kiran sunan 'yar fari. Ba ta ɗaukarta a gaban manya, ba ta nuna ta san da ita. Shekara goma sha ɗaya, "waccan" take ce mata, ko "'yar Yaya". Ta buɗe baki a gaban yayarta ta ce ina kewar 'yata? Gara ta ce aikin gida a zage ta, kuma haka ta yi.

"Ban taɓa yi mata kitso ba, Madam. Maza uku na haifa bayanta. Ni nake yi wa 'ya'yan maƙwabta, rabin unguwarmu hannuna ne a kansu. Tawa kuwa ko gashinta ban san irinsa ba."

Ta laluba jakarta ta ciro wani jan mataji, sabo fil, da tsinken kitso, ta ajiye a kan tebur.

"Ɗazu na saya a bakin kasuwa. Hannun nan ya fara nauyi. Kafin ya ƙi ɗaguwa nake so. Kwana arba'in kawai, in mayar mata da abarta. Wallahi ba ƙwace na zo yi ba, ita ce uwarta. Ni dai in zaunar da Lauratu a gabana sau ɗaya..."

Ta tsaya cak, ta toshe bakinta da hannu. Sunan ne ya fita. Ta duba gefe kamar wadda ta yi saɓo, sai kuma ta sake faɗarsa ƙasa-ƙasa, don ta ji yadda yake a bakinta.

"Lauratu."

Ni kaina da nake rubutawa sai da na ajiye wayar a nan na share ido.

Madam ta miƙa hannunta na dama a kan tebur, ta buɗe tafin.

"Ki ba ni wannan in kai wa Murja. Na san kafin la'asar za ta kawo miki ita da kanta."

"A'a."

"Mansura."

"A'a, Madam. Ciwon nan ne ya kashe Innarmu. Yaya ce ta yi jinyarta, wata takwas, ita kaɗai, ni ina ƙarama. Bayan an yi bakwai sai da ta shekara ba ta iya cin nama. Yanzu ga hawan jini. In ta ji, kafin ni za a binne ta."

"Za ta ji dai wata rana."

"Ta ji bayan na tafi. Kuma in aka faɗa mata, yarinyar ma za ta sani. Za a kawo min ita tana raɓe-raɓe, tana kallona kamar gawa. Ba haka nake so ba. So nake ta zo tana fushi an raba ta da gida, ta yi min rashin kunya in yi mata faɗa, ta ce kitsona da zafi. Kamar kowace uwa."

Madam ba ta janye hannun ba.

"To me zan ɗauka?"

"Kwana arba'in. Ki ce mata kwana arba'in, zan dawo da ita. Shi ke nan."

Madam ta rufe hannunta. Mansura ta gyara tsumma, ta ciro 'yar kwalbar turare ta zazzage sauran da ya rage a ciki ta shafe gyalenta da shi, sannan ta fita.

*

Murja ta shigo tana fifita da bakin mayafi.

"Kai! Ɗakin duk ya ɗauki turarenta. Madam, ba za a buɗe tagar nan ba?"

"Ba za a buɗe ba. Zauna."

Ta karanta mata ƙa'idar kamar yadda ta karanta wa ƙanwarta, ba ragi ba ƙari.

"Ga abin da aka ba ni in kawo miki. Kwana arba'in take so. In sun cika za ta dawo da ita."

Murja ta yi dariya, amma ba ta daɗi ba.

"Kin yarda ke nan?"

"Ba aikina ba ne in yarda ko in ƙi. Na kawo miki saƙo."

"Madam, ni ba yarinya ba ce. Haka aka yi wa maƙwabciyata Rabi'atu. Aka ce yaro ya je ya yi Sallah, yau shekara shida ba ta ƙara ganinsa ba. In 'ya ta shiga ɗakin wadda ta haife ta, wa zai fito min da ita? Alƙali? Da wace hujja? Ni ko ɓari ban taɓa yi ba."

Masu cewa Murja muguwa ce, ku saurara.

"Tana da wata ashirin da uku aka miƙo min ita. Kwana tara tana kukan nono, ina zagaye tsakar gida da ita a baya. Ƙyanda ta kama ta, ni na kwana a kanta. Ni na kai ta makaranta, ni na je na yi faɗa da malamin da ya fasa mata hannu. Ita Mansura in ta zo gidana ko kallonta ba ta yi. Ko sannu. Yau kuma ta tuna tana da 'ya, da yake tsintsiya ta yi mata nauyi."

"Kin san dalilin da ya sa ba ta kallonta. Ke ma da ke kika haifa, haka za ki yi."

"Na sani. Amma kunya ba ta sa a mai da 'ya 'yar aiki."

Ta share fuska, ta matso da kujerarta.

"Kin ce abin da aka faɗa a nan ba ya fita?"

"Na ce."

"To zan faɗa miki don kada ki wahalar da kanki da sa wata rana. Jibi Alhamis, in kasuwa ta ci, dangin maigidana za su zo daga Dungas, can Nijar. A motarsu za mu koma, ni da Lauratu. Mun gama magana. Sai bayan kaka za mu dawo, lokacin ƙura ta kwanta."

Madam ta ji kamar an zuba mata ruwan randa a baya. Daga bazara zuwa bayan kaka wata bakwai ne. Likita ya ce uku.

Ta riƙe fuskarta. Wannan shi ne aikin, riƙe fuska.

"Murja, tsallaka iyaka da 'yar mutane ba da sanin iyayenta ba, ba ƙaramin abu ba ne. Ina gaya miki gaskiya, ban goyi bayansa ba."

"Gidan kakanninta na riƙo za ta. Sau nawa muna zuwa? 'Yan duwan masu tsaron iyaka ma sun san mu."

"Ki ɗaga tafiyar. Sati ɗaya."

"Don me?"

"Don a ƙara zama."

"An zauna ai. Me ya rage?"

Maganar tana nan a kan harshen Madam. Kalma uku ce, ƙanwarki tana mutuwa. Ta san da ta faɗa, matar nan za ta fita ko takalmi babu, ta je Maigatari ta ɗauko yarinyar a ka. Ta kuma san cewa wadda ta ɗaga mata riga ɗazu ta ɗaga ne don an ce mata ƙofa a rufe take.

Ta buɗe tafin hannunta.

"Ki ba ni zancen jibi in kai mata. Ko ba komai ta yi sallama da 'yarta."

"In ta ji, gobe mijinta zai tare ni da 'yan sanda. A'a. Amana na ba ki."

"To me zan ɗauka?"

"Ki ce ina tunani."

*

Madam ta fito baranda ta tsaya. 'Yan'uwan biyu suna zaune, ɗaya a wannan ƙarshen benci, ɗaya a wancan, kowacce ta juya wa 'yar'uwarta baya. Ƙeyarsu iri ɗaya ce sak.

Madam ba ta saba kiran mutum sau biyu a rana ɗaya ba. Ranar ta kira.

"Mansura, ƙara shigowa."

Ta rufe ƙofa.

"Ta ce tana tunani."

Fuskar Mansura ta washe. Wallahi wannan murmushin ya fi kukanta ciwo.

"Alhamdulillahi. In Yaya ta ce tana tunani, ta kusa sauka. Na san halinta. Ki sa mana wani zaman bayan sati biyu, lokacin ta huce."

"Sati biyu ya yi nisa."

"Ai akwai sauran lokaci, Madam. Wata uku aka ce."

"Mansura, dube ni. Ina roƙonki, ba a matsayin ma'aikaciya ba. Ni ma uwa ce, 'yata Juliana tana makaranta a Jos, in na yi wata biyu ban gan ta ba abinci ba ya shiga. Ki faɗa wa yayarki yau. Da bakinki. Zan zauna a tsakaninku, zan riƙe ta in ta faɗi."

Mansura ta ƙura mata ido.

"Ta faɗa miki wani abu ne?"

"Abin da ta faɗa nata ne, kamar yadda naki yake naki."

"To akwai abin da ta faɗa ke nan."

"Kowa ya shigo ɗakin nan yana faɗar wani abu. Ni dai shawara nake ba ki, kada ki dogara da sati biyu. Ba wanda ya san gobe."

"Haka ne. Amma na fi ki sanin Yaya. In na matsa mata yanzu, ƙi za ta yi gaba ɗaya. A bar ta ta yi tunaninta."

Ta yunƙura za ta tashi, sai ta koma ta zauna tana nishi. Tsumman ya jiƙe har ya fara taɓa riga.

"Madam, don Allah taimaka min in sake wani. Akwai a jakata. Kada ya fito a mota."

Madam ta durƙusa ta kwance mata tsohon, ta naɗa sabo. Ta ƙulle tsohon a leda ta tura cikin jakar. Mansura ta ciro kwalbar turare ta girgiza, ta kifa a tafin hannu. Ko ɗigo.

"Ba komai. Zan zauna kusa da taga."

"Ga hannuna kuma, karo na biyu. Me zan ɗauka?"

Mansura ta kama hannun da nata biyu, ta naɗe yatsun Madam ɗaya bayan ɗaya har ta rufe shi.

"Ba komai. Allah ya saka miki. Tun da aka faɗa, yau ne na fara yin kuka a gaban mutum."

Ta fita, ta ƙofar gefe, ta nufi tasha.

Madam ta zauna ita kaɗai. Ta kifa kai a tebur. A cikinta akwai maganganu biyu, kowacce maganin ɗayar ce, kuma ba ta da ikon taɓa ko ɗaya. Ta yi addu'ar da ba ta taɓa yi ba a shekara ashirin da biyu, ta ce Ubangiji, ko ka buɗe bakinsu, ko ka cire ni daga aikin nan.

Da tana cikin hankalinta, abu na farko da za ta yi shi ne buɗe taga. Ba ta tuna ba.

Aka turo ƙofa ba sallama. Murja ce.

"Madam, me ya sa kika sake kiranta? Kada dai kin faɗa mata zancen ji..."

Maganar ta tsaya.

Ta ja numfashi. Ta sake ja.

Ƙamshin turaren ya riga ya gushe. Abin da yake ƙarƙashinsa ne ya rage, kuma ɗakin a rufe yake tun hantsi, ba inda zai bi ya fita. Mutum goma za su shiga su ce ɓera ne ya mutu a bayan kabad. Amma wadda ta yi wata takwas tana wanke tsumman mahaifiyarta ba za ta ce haka ba.

"Warin nan..."

Madam ta miƙe da sauri ta nufi taga.

"Bar ta!"

Hannun Madam ya tsaya a kan sakata.

"Na san warin nan. Ɗakin Inna. Madam, wa ya shigo nan ban da ni da ita?"

Madam ta kau da kai.

"Naki ne? Ke ce ba ki da lafiya?"

Ga mafita an buɗe wa Madam. Da ta ce i, da magana ta ƙare. Amma ƙa'idar da ta hana ta fitar da sirri ita ce ta hana ta yi wa mai gabanta ƙarya.

"Ba nawa ba ne."

Murja ta dafa bango. Idonta ya sauka a kan tebur, inda jan matajin nan yake da tsinken kitso, an manta da su.

"Turaren... shi ya sa. Da ta zauna ɗazu, hannunta na hagu ba ta haɗa shi da jiki. Na gani, na ce yanga ce." Ta fara haki. "Madam, ki ce min ba shi ba ne. Ban ce ki faɗa min komai ba. Ki ce ba shi ba ne kawai, in tafi."

"Murja, ba ni za ki tambaya ba."

"Ki rantse da littafinki!"

"Ba ni za ki tambaya ba. Tasha ba nisa, motar Gagarawa ba ta cika da wuri."

Hawaye ne suke zuba a fuskar Madam, ba ta ma sani ba. Bakinta ya riƙe amana, idonta ne ya kasa.

Murja ta saki bango. Ta sulale ƙasa ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo Auta. Wayyo ni, Autata. Na ce mata amarya..."

Rabon da ta kira Mansura da sunan nan tun suna gidan Inna.

Sai ƙofa ta yi ƙara.

Mansura ce a tsaye. Matajinta ta dawo ɗauka.

Ta dubi yayarta a ƙasa. Ta dubi fuskar Madam, jiƙe sharkaf. Sannan ta dubi hannun nan na dama, wanda ta rufe da yatsunta ɗazu-ɗazu.

Ba ta ɗaga murya ba.

"Madam," ta ce. "Kin faɗa mata."